Kujerar Baba Nomau a Kan Dandamali

Shekara goma sha biyar ke nan da muka kai Malam Tanimu makwancinsa a Ruwan Godiya. Taubashina ne, ɗan kawuna, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da sunana ba. "Bawa" yake ce mini, don ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji. Ko a lokacin da muryata ta fara fita a rediyo daga Kaduna, mutanen garinmu na taruwa gindin akwati su ji ɗansu yana karanta labarai, shi cewa yake, "Ku ƙara murya, bawana ne ke magana."

A watan jiya na je Legas, da a zamaninmu muke ce wa Ikko, wajen 'yata da ke aure can. Ta tambaye ni inda nake son zuwa, na ce ta kai ni babban gidan wasan nan mai siffar hular soja. An yi masa kwaskwarima, har akwai masu zagayawa da baƙi suna ba da tarihinsa. Na saurari tarihin da kyau. Babu sunan Tanimu a ciki, kuma babu dalilin da zai sa ya kasance. Sau ɗaya ya hau dandamalin gidan a gaban jama'a, bai ma ƙarasa wasansa ba. Wannan rashin ƙarasawar nake so in ba da labari, don a duk abin da ya yi a duniya babu wanda nake alfahari da shi kamarsa.

Tanimu manomi ne, da rani kuma tela. Amma daga Faskari zuwa Ƙanƙara har Sabuwa, da kwaikwayo aka san shi. Idan an kai amfanin gona gida, samari suka shirya kalankuwa, shi ake jira. Zai kalli mutum sau biyu a kasuwa, ya ɗauke tafiyarsa, da tarinsa, da yadda yake gyara hula in zai yi ƙarya. Ya yi dagaci, ya yi malamin gona, ya yi mai awon auduga, ya yi ni kaina ina karanta labarai da hanci.

Sana'ar tana da ƙa'ida, kuma ba shi ya ƙirƙiro ta ba, wajen manya ya tarar da ita. Ba a kwaikwayon mutum sai yana zaune yana kallo. Tun da safe za a aika masa da goro, da la'asar a shimfiɗa masa tabarma a gaba. Mai wasa na yi, yana satar kallon fuskarsa. Muddin mutumin na dariya, ko yana girgiza kai yana zagi, wasa na tafiya. Da zarar fuskar ta sauya, an bar wurin nan, a shiga wani abu. Tanimu ya sha faɗa mini cewa abin da aka yi a gaban mutum shi ne wasa, wanda aka yi a bayansa kuwa giba ce, ko da makaɗa na kiɗa.

Wanda ya fi iya yi shi ne Baba Nomau, Sarkin Noma na wata unguwar Maguzawa da ke cikin daji ta wajen Damari. Dogon tsoho ne, kafaɗarsa ta dama ta saɓule saboda galma, ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya, ba ya ƙare ta sai ya rantse da aradu. Shekarun nan kuɗin mai sun shigo ƙasa. Ko'ina gini ake, ko'ina kwangila, samari na ajiye fartanya su bi mota, su dawo da babur da rediyo mai kaset. 'Ya'yan Baba Nomau ma sun bi sahu. Ƙananan suna dawowa in damina ta faɗi, amma babban, Ɗanjuma, ya tafi Ikko, an yi damina biyu ba a gan shi ba.

A kan haka Tanimu ya gina wasansa. Wurin da ya fi daɗi shi ne inda tsohon ke tsayawa bakin gona da sassafe, ya kai hannu baki ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, daga Ɗanjuma zuwa auta. Kowane kira, shiru. Daga ƙarshe ya kira jakinsa, jaki ya amsa. A gida, in an zo nan, mutane har faɗuwa suke yi, kuma Baba Nomau ya fi kowa dariya, yana nuna 'ya'yansa da sanda.

Wannan wurin ne ya ja hankalin jami'an ma'aikatar al'adu da suka zo daga Kaduna, don lokacin ba a yi jihar Katsina ba. A filin wata firamare a Ƙanƙara aka tara ƙungiyoyin yankin, aka zaɓi ta Tanimu ta wakilci jiha a wani bikin wasanni da za a yi a sabon gidan wasa na Ikko. Ƙungiyoyin da suka yi fice a can za su sake hawa ranar rufewa, a nuna su a talbijin. Ga ɗan ƙauyen da bai taɓa wuce Zariya ba, babu ƙofa da ta fi wannan. Ni kuma gidan rediyonmu ya tura ni in ɗauko wasan a faifai.

Rigima ta farko a kan kujerar bas aka yi ta. Jami'in da ke jagorantar tafiyar, wani mutum mai kirki amma mai bin tsari, ya ga an ƙara sunan tsoho.

"Malam Tanimu, shi Baban nan mene ne aikinsa a wasan?"

"Kallo, ranka ya daɗe."

"Kallo? Ai Ikko ba ta rasa 'yan kallo ba."

"Ba su nake kwaikwaya ba."

Jami'in ya ce kujeru a ƙidaye suke. Tanimu ya ce ai tasa ma a ƙidaye take, a ba Baba. Haka aka yi. Tauraron jiha ya tafi Ikko zaune kan buhun garin tuwo a tsakiyar bas. Abin da ya ba mu mamaki shi ne tsohon bai yi gardamar tafiya ba ko kaɗan. Mun ɗauka teku yake son gani.

Ranar da aka kai mu gwaji, muka hango ginin daga kan gada, bas ɗin ya yi tsit. Baba Nomau ya yi gyaran murya ya ce, "Wanga rumbu na wane ne? Kuma wa zai nome abin da za a zuba ciki?" A bakin zaure, da mutanenmu suka ga darduma shimfiɗe bango zuwa bango, duk suka tuɓe takalma suka jera a ƙofa. Ban hana su ba. Ni ma da na saba da ɗakin watsa shirye-shirye, sanyin wurin da tsayin rufinsa sun sa na rage murya. Gwajin nan da fitilu duka a kunne aka yi shi, tsohon na zaune a layin gaba, komai ya tafi daidai.

Da safiyar ranar wasa, Baba Nomau ya roƙi direbanmu ya kai shi Agege, unguwar da Hausawa ke da yawa. Mu muna can muna fama da ganguna da kaya. Kafin azahar suka dawo. Tsohon na riƙe da sabon yadi a leda, ya zauna ya ɓare goro, mu kuwa ba mu tambaye shi komai ba.

Da la'asar aka kira jiharmu. Zaure ya cika. Aka kashe fitilun wajen 'yan kallo, aka kunna na dandamali, kamar yadda ake yi a kowane gidan wasa na duniya. Tanimu ya fita da malafa da galma a kafaɗa, ya yi taku kaɗan, ya tsaya. Ya kare idonsa da hannu ya duba gabansa. Sai ya juyo ya dawo bayan labule.

Mai kula da dandamalin wata Bayarabiya ce, Madam Aduke, haifaffiyar Funtuwa, Hausa a bakinta kamar ta kakata. Ta taso masa.

"Malam, lafiya? Mutane na jira fa!"

"Hajiya, ban gan shi ba."

"Wa?"

"Baba."

"Yana layin gaba. Da hannuna na zaunar da shi."

"Na yarda yana nan. Fuskarsa ce ban gani ba."

Ya roƙi a kunna fitilun zaure. Ta ce masu ɗaukar hoto sun riga sun daidaita na'urorinsu, ba ta da ikon taɓa fitila ko ɗaya. Jami'inmu ya iso yana gumi cikin sanyin nan. Ya ce, "Tanimu, don girman Allah. Jiha guda ce a wuyanka. Wasan nan ka yi shi a gabansa ba adadi, ya san kowace kalma." Tanimu ya ce, "Ya san na jiya, ranka ya daɗe. Na yau ban yi ba tukuna." A bayanmu ƙungiyar wata jiha ta riga ta shirya, in muka ƙara jinkiri za a tura su, namu ya wuce ke nan. Jami'in ya juyo ya dube ni, ko zan sa baki. Na san Tanimu tun muna kiwon awaki. Na ce wa Madam, ba zai fita ba.

Ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Ku mutanen Faskari, ko ranar kasuwar Funtuwa haka kuke da taurin kai." Sai ta ɗauki kujerar da take zama a kai, ta fita da ita da kanta cikin hasken, ta dasa ta a gefen dandamali. Ta sauka ta kamo hannun Baba Nomau.

Abin da ya biyo baya babu wanda ya tsara shi. Zauren nan duka ya kalli wani dogon tsoho ya hau matakala, ya ratsa dandamali a hankali, kafaɗa ɗaya a saɓule, ya yi gyaran murya, ya zauna. Ba su san ko wane ne ba. Sai ga wani ya fito daga ɗaya gefen, da tafiyar nan sak, da kafaɗar nan, ya tsaya ya yi gyaran muryar nan. Wurin ya ɗauka gaba ɗaya. Mafi yawansu ba sa jin Hausa, kuma ba su buƙace ta ba, ga mutum ga kwafinsa. Tsohon ya ɗaga sanda ya ce, "Ɗan banza! Aradu ba haka nake tahiya ba!" Makirfon ɗina ya kama wannan tsaf. Ina aikin rediyo shekara da shekaru, ban taɓa ganin allurar na'ura ta kwanta a ja ta ƙi tashi kamar ranar ba. Jami'inmu na bayan labule yana share hawayen dariya.

Aka zo wurin kira. Tanimu ya tsaya bakin gonarsa, ya kai hannu baki, ya ja numfashi. Mai yin kukan jaki ya riga ya durƙusa bayan labule yana jira. Kamar yadda ya saba, Tanimu ya saci kallon kujera.

Ina sanye da abin saurare a kunne, sai na ji shiru. A aikinmu shiru laifi ne, don haka abin da na fara yi shi ne duba waya ko ta cire. Da na ɗago, na ga abin da ya gani. Baba Nomau ya daina kallon wasa. Ya sunkuyar da kai, ya ɗora hannu biyu kan sanda, yana duban katakon da ke tsakanin ƙafafunsa. Daga cikin zaure ba za a lura ba. Da yana zaune a layin gaba, cikin duhu, da babu mai lura.

Tanimu ya sauke hannunsa. Ya cire malafar, ya miƙe kafaɗarsa, ya koma Tanimu. Ya yi wa makaɗa alama, suka juya zuwa gangar noma. Ya durƙusa gaban kujerar ya shiga yi wa Sarkin Noma kirari, irin wanda ake yi masa ranar gayya, da gonakin da ya share da damunan da ya ciyar da unguwa. Tsohon ya daɗe bai motsa ba. Can ya miƙe tsaye ya ɗaga sandarsa sama. Aka tafa, tafi na ladabi. 'Yan kallo sun ji a jikinsu an yanke musu wani abu, ba su san mene ne ba. Masu alƙalanci kuwa sun sani, don an ba su bayanin wasan tun farko. Ba a sa mu cikin na ranar rufewa ba.

A bas ɗinsu na dawo. Jami'in ya kau da kai yana duban taga har muka haye gadar Jabba. A wani wurin shan mai direba ya ja ni gefe ya gaya mini abin da ya faru a Agege. Sun sami Ɗanjuma. Ya karɓi ubansa da mutunci, ya durƙusa, ya kawo abinci, ya sayo masa yadi. Sannan ya ce ya yi aure a nan, a raba wa ƙannensa kasonsa na gandu, shi ba zai koma noma ba. Tanimu bai san da wannan ba sa'ad da yake kan dandamali. Fuska kawai ya gani.

Muna cikin tafiya na ji tsohon ya taɓa shi da sanda daga kujerarsa.

"Tanimu."

"Na'am, Baba."

"Mi ya hana ka kiran?"

"Sunayen ne suka ɓace mini, Baba. Fitilar nan ta rikita ni."

"Ƙarya kake, ɗan banza."

Ya ɓare goro ya miƙa masa rabi. Ba su ƙara tayar da maganar ba.

Yau na kan tambayi kaina me Tanimu zai ce da wannan zamani. Ba na jin zai yi tsaki. Mutum ne mai son sabon abu, da ya sami wayar hannu da ya fi jikokinsa danna ta. Yaran da ke wasan barkwanci a waya, wasunsu gwanaye ne na gaske, zai gane haka, zai yi dariya har ya riƙe ciki. Amma na san tambayar da zai yi in ya ga an ɗauki tafiyar wani gurgu a kasuwa, ko kukan wata uwa a bakin asibiti, an mai da shi abin nishaɗi ga mutanen da ba su san shi ba. Zai ce, "To shi mai ita, ina yake zaune?" Babu amsa, don na'urar ba ta da tabarmar gaba. Mai yi yana ganin yawan masu kallo, ba ya ganin fuskar mutum ɗaya da abin ya shafa.

Zai kuma yi baƙin cikin gida. A ƙauyuka da yawa na yankinmu an daina kalankuwa, don taron jama'a da kiɗa ba abin da ake so a ji daga daji ba ne yanzu. Unguwar su Baba Nomau ta watse, wasu na Sabuwa, wasu na Funtuwa. Dandalin da aka koyi ƙa'idar a cikinsa ciyawa ta rufe shi.

A ziyarata ta watan jiya, na roƙi matashiyar da ke zagayawa da mu ta bar ni in hau dandamali. Ta bar ni, har ta sa aka kunna fitilar gaba don in ji yadda abin yake. Na tsaya inda nake zaton ya tsaya. 'Yata na zaune a layin farko, tana yi mini magana ina jin muryarta, amma ban ga ko inuwarta ba. Sai a lokacin na fahimci girman abin da aka nema daga gare shi: ya yarda da maganar mutanen kirki cewa tsohon na nan lafiya, ya ci gaba. Kusan kowa zai yarda. Ni ma da zan yarda.

Ba a sake kiransa Ikko ba, ko Kaduna. Ya koma gonarsa da kekensa na ɗinki. Na taɓa tambayarsa, muna manya, ko abin na damunsa. Ya ce, "Bawa, Ikko ta yi dariya ta tashi. Ni da Baba kasuwa ɗaya muke ci." Da Baba Nomau ya mutu, Tanimu ya ajiye wannan wasan gaba ɗaya, shi ne kuwa mafi kyau a hannunsa. An roƙe shi a bukukuwa, ya ce mai shi ba ya nan.

Idan na auna abin da ya bari, ba kofi, ba hoto a talbijin, faifan da na ɗauka ma ban san inda ya shiga ba bayan na bar aiki. Abin da nake da shi wani abu ne da ya faru ranar addu'ar ukun Tanimu. Muna zaune a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, sai wani dattijo mai furfura ya sauka daga babur, ƙura har gira, daga Sabuwa yake. Ya zauna can ƙarshen tabarma, bai ɗaga hannu tare da mu ba, don shi Kirista ne, amma ya jira aka shafa. Sannan ya matso ya tambayi wane ne ɗan'uwan mamaci mai aikin rediyo. Aka nuna ni.

Ya ce, "Ni ne Ɗanjuma. Na dawo gida lokacin ciwon Baba na ƙarshe. Kafin ya cika ya gaya mini, a gaban Ikko duka sunana na bakin Tanimu, ya haɗiye shi. Ban taɓa samun ƙarfin zuwa in yi masa godiya ba. Na zo in yi maka."

Mutanen da Tanimu ya sa dariya ba su ƙidayuwa, kuma da yawansu sun zo gaisuwa. Amma wanda ya biyo hanya mafi muni don ya zo, saboda abin da Tanimu bai faɗa ba ya zo.

Allah Ya rufa wa ubangidana asiri a can, kamar yadda ya rufa wa wani a nan.